Sharrin da Aka Yi wa Tsohuwar Kurmin Gora

"Ajiye wayar nan, Lastri, ko in jefa ta rijiya!"

"Jefa mana, Bu. In kin jefa, da me za ki nemo Ningrum? Da murfin tukunya?"

"Da murfin tukunya aka nemo kawunki lokacin da aljanu suka ɓoye shi, ke ko cikinki ba a yi ba!"

"To ni duk ƙasar nan ke taya ni nema."

"Nema? Wanda ya rubuta cewa ciki ƙanwarki ta yi ta gudu, nema yake? Wadda ta ce an cire mata ƙoda an sayar a Batam, ita ma nema take? Uban wa ya aike su?"

Tumirah na tsaye a ƙofar madafa, murfin tukunya a hannun hagu, ludayi a na dama, idanunta sun yi ja don rashin barci. Babbar 'yarta Lastri, mai kiranta Bu, wato Inna, na zaune a dakali, babban yatsanta na ta gudu a fuskar waya. Abin da ya haɗa su faɗa kuwa shi ne abin da ya hana su duka cin abinci. Ningrum, autar gidan, 'yar shekara goma sha shida, ta fita wata la'asar a kan babur ɗin ubansu, wanda ya tafi aikin gonar kwakwar manja can tsibirin Kalimantan ya bar gargaɗin kada kowa ya taɓa masa shi. Ba ta dawo ba, babur bai dawo ba, wayarta kuma a kashe.

Kafin isha Lastri ta ɗora hotonta a intanet. Kafin gari ya waye, mutanen da ko hanyar ƙauyen ba su sani ba sun gama bincike. Wani ya ga farar mota mai baƙin gilashi. Wata ta yi mafarki. Wani kuma, mai hoton damisa a madadin fuska, ya rubuta: "Ni dai ba na zargin kowa, amma wa aka gani na ƙarshe yana magana da ita?" Wanda aka gani na ƙarshe shi ne Darno, mai tura amalanken miyar curin nama, kuma maganar da ya yi da ita ba ta wuce ko a ƙara mata yaji ba. Samari suka tare shi a bakin gada, suka farfasa amalanken, suka karya masa hannu. 'Yan sanda suka tambaye shi suka sake shi, amma intanet ba ta sake shi ba.

Tsofaffi kuwa suka ce aikin tsohuwar kurmin gora ne, aljanar da ke zaune a bayan gari tun kafin a haƙa rijiyar farko. Maganin wannan kowa ya san shi a nan tsibirin Jawa: da magariba a fito da tukwane da faifai, a yi ta bugu ana kiran sunan yaro, har aljana ta shagala da kiɗan ta sake shi. Tumirah ce a gaba kullum. A bayanta sai maƙwabciyarta Ngatemi, wadda ta iya haɗa biyun, kasko rataye a wuya, waya a sama, tana haska wa duniya kai tsaye: "'Yan uwa ku duba, ku duba, nan ne fa gidan muguwar. Ku tura wa na kusa da ku!"

A yammacin da uwa da 'ya ke wannan cacar baki, rana ta riga ta faɗa bayan dutse. Hazon ruwa ya kwanta a kan gonakin shinkafa. Kaji sun hau. Aka buga gangar masallaci mai sanar da lokacin salla, kuma kafin ladan ya buɗe baki sai kwaɗin fadama suka yi tsit gaba ɗaya, kamar an rufe su da kwarya.

Dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufin madafa.

Tumirah ta leƙa waje da ashar a bakinta. Babu kowa. Na biyu ya faɗo, na uku ya gangaro ya tsaya a gaban ƙafarta. Ta sunkuya ta ɗauka. Da ɗumi, kamar an ciro shi daga hammata, ga ganyen gora manne a jikinsa.

Sai muryoyi suka taso daga bayan rijiya, a hankali, ɗaya na bin ɗaya, ba hawa ba sauka.

"Allah sarki, 'yar kyakkyawa da ita, an cuce ta."

"Uwar ma a bincike ta."

"'Yan matan yanzu ai sai addu'a."

"Wa yake kallo daga Surabaya?"

Lastri ta miƙe tsaye. "Bu... abin da ke cikin wayata suke karantawa."

Daren nan ba a fita da tukwane daga gidan ba, amma sauran gari sun fita. Washegari da magariba duwatsun suka dawo, muryoyin suka matso har gindin taga. A magariba ta gaba babu dutse ko ɗaya. Shirun ya fi jifan nauyi. Tumirah na hura wuta sai ta ji faɗuwar waya a ƙasa, abin da ba ta taɓa ji ba tun da Lastri ta mallake ta. Ta juya. 'Yarta ta ranƙwafa kamar mai shekara ɗari, ta dafa gwiwa, ta ja ƙafa zuwa turmi ta zauna a kansa. Ta ɗago ido, idon ba nata ba.

"Gahawa," in ji wata murya mai kaushi, kamar gora na gugar gora. "Baƙi. Kada ki sa sukari."

Kafin a idar da salla gida ya cika. Maza huɗu suka kasa ɗaga Lastri daga kan turmin. Ngatemi ta kutso ta ɗaga waya, sai wayar ta yi zafi har ta sake ta ta hau yarfe hannu. Aka aika a kira Kiyai Mudakir, malamin da ke karantarwa a ƙauyen gaba. Ya iso a kan tsohon kekensa, ya jingine shi ba gaggawa, ya kori kowa waje in ban da uwar da Ngatemi, wadda ta maƙale a ƙofa ta ƙi fita. Ya zauna a tabarma, ya kama babban yatsan ƙafar yarinyar ya matse, ya fara karatu.

Karatun ya yi nisa. Fitilar ɗakin ta dushe ta dawo. Lastri ta yi gurnani, ta murɗe, gumi ya jiƙe mata ɗankwali. Can muryar ta ce:

"Sassauta, Kiyai. Ba faɗa na zo yi da kai ba. Ƙara na kawo."

"Mbah," in ji shi, yadda ake kiran tsofaffi, "wane ne ke kawo ƙara a jikin 'yar mutane? Ki fita."

"A bakin da aka ɓata ni, a nan zan wanke kaina. Wannan mai yatsan ita ta fara. Waccan mai kaskon," ta nuna Ngatemi da leɓe, "ita ta nuna wa duniya ƙofar gidana ta kira ni muguwa. Tun kakannin kakanninku nake wurin nan, ko ƙwai ban taɓa ɗauka ba. Yanzu ba dare ba magariba, ƙarfe a kunnena, fitila a idona. Wasu 'yan birni sun zo da mota, suka tsaya a kan kabarin mijina suna cewa," sai muryar ta sirance ta koma ta saurayi mai iyayi, "'Jama'a, wallahi tsigar jikina tashi take, in kuna son mu ƙara shiga ciki ku danna mana.' Ɗayansu har fitsari ya yi mini a tsakar gida!"

Tumirah ba ta san lokacin da ta yi tsalle ta tsaya a gaban turmin ba. Tsoro ya bar ta, fushin kwana da kwanaki ya hau.

"Tsakar gidanki? Ni 'yata ce ta ɓace, ke kina maganar tsakar gida! In ba ke kika ɗauke ta ba, tana ina? Faɗa mini, ko in sa a sare gorar nan tas in dafa shinkafa da ita!"

"Tumirah," in ji Kiyai a hankali.

"Bar ta," in ji muryar. "Ita kaɗai ce a garin nan ke da dalilin ihu." Idon ya juyo kan uwar, ya tsaya. "Ki tambayi murfin tukunyarki inda take."

Muryar ta ci gaba:

"Tana zuwa. Kowace magariba tana saukowa daga kan dutse, ta laɓe a bayan gorata, takalmi ɗaya a ƙafa. So take ta shigo gida. Sai ta ga fitilunku, ta ji ana ƙwala sunanta kamar an biyo ɓarawo. Ta ji mai kaskon nan tana gaya wa waya wai ciki ne da ita, wai an karya wa Darno hannu saboda ita. Sai ta toshe baki da gyale ta juya. Ni nake jin kukan. Ni da ban haife ta ba."

Ludayin da ke hannun Tumirah ya zame ya faɗi.

"Me kike so ki fita?" in ji Kiyai.

"Shiru. Ku ba ni magaribata, in ba ku 'yarku. Kuma a goge sunana daga cikin abin nan."

"Shirun na ɗauka. Gogewa kuwa, Mbah, abin da ya shiga can ko mai shi bai isa ya fitar ba."

"To ku kun fi mu mugun sihiri." Ta yi tsaki mai tsawo. "Shirun ma ya isa. Amma in na ji ko cokali ya taɓa kwano, a jikin waccan zan sauka, kuma ba zan nemi gahawa ba."

Ngatemi ta saki ƙofa ta ruga. Kiyai ya tofa a ruwa ya shafa wa Lastri a fuska, ya yi kiran salla a kunnenta. Ta yi atishawa, ta sulale daga kan turmin ta faɗa jikin uwarta tana kuka da muryarta ta gaske. A waje, can bayan gari, gora ta yi wata ƙara mai tsawo, alhali ko iska babu.

"Kiyai, gaskiya ta faɗa?" in ji Tumirah.

Ya ɗaure ƙafar wandonsa zai hau keke. "Aljani maƙaryaci ne, ba a gina hukunci a kan maganarsa. Amma ban taɓa jin wanda shiru ya kashe ba. Ki gwada."

Washegari Tumirah ta bi gari gida-gida, ba sallama mai daɗi. Wanda ya ce ai taimako suke yi, ta ce ya je ya taimaki hannun Darno. Wasu baƙi biyu da suka iso da na'urar ɗaukar hoto a kan sanda, ta tare su a bakin hanya da taɓarya, ta raka su har motarsu tana lissafa musu iyayensu. Abin da fushinta bai gama ba, labarin Ngatemi ya gama shi, don kafin azahar kowa ya ji cewa tsohuwar na neman jikin da za ta sauka. Lastri da kanta ta kashe waya ta tura ta cikin buhun shinkafa.

Magariba ta zo. Aka buga ganga, aka yi kira, gari ya rufe ƙofofi. Tumirah ta kashe fitila, ta buɗe ƙofar baya, ta zauna a ƙasa ta ba ta baya, don ta san in ta kalli hanya za ta ƙwala kira. Kwaɗi suka yi ta kuka. Duhu ya cika madafa har ba ta ganin hannunta. Ta ciji gefen zaninta.

Can ta ji taku. Ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu.

"Bu..."

Tumirah ta miƙe ta juya, hannunta ya tashi sama da kansa, marin da ta tanada tun ranar farko. Ya tsaya a can. Sannan ya sauko ya damƙi wuyan rigar yarinyar ya fizgo ta, ta rungume ta har sai da ta yi ƙara.

Cikin shessheƙa labarin ya fito. Babur ya zame da ita ya faɗa babbar magudanar ruwan gonaki, ya nutse da wayarta. Tsoron ubanta ya sa ta hau dutse, ta fake a rumfar shanya taba wurin wata tsohuwa kurma da ba ta da waya, da niyyar kwana ɗaya kawai. Da ta sauko, ta tarar a bakin mutanen gari an riga an sace ta.

"Saboda babur," in ji Tumirah. "Saboda ƙarfe! Gobe da sassafe, ni da ke da yayarki, gidan Darno. Ba a tsaye za mu yi masa magana ba, a durƙushe. Kin ji ni, Lastri?"

"Na ji, Bu."

Aka kunna fitila. Sai ga kan Ngatemi ya ɓullo ta saman shinge, a ɗarare, waya ɓoye a ƙarƙashin gyale. Tumirah ta juyo da Ningrum ta fuskanci haske.

"Ga ta nan. Kalle ta da kyau. Je ki gaya musu ba farar mota, ba ciki, ba aljana. Ta dawo da ƙodarta biyu."

Ngatemi ta dubi yarinyar, ta zaro wayar ta dubi hoton, ta sake duban yarinyar, ta taɓe baki.

"Anya ita ce? Ta cikin hoton ta fi wannan haske."