Wayar Dogo a Falon Baba

Auta na laɓe a bayan labule tana jin Baba yana yi wa Dogo, saurayinta mai kai saƙo a babur, nasiha kan riƙon aure. Sai wayar Dogo ta yi ƙara, kit-kit! Kafin Baba ya rufe baki yaron ya zabura.

"Sori Baba, odar kai saƙo ce ta shigo!"

Ya fice ko takalmi bai gama sawa ba. Kai, Dogo, wannan wace irin kwaɓa ce!

"Wanda waya ke kora kamar akuya ba zai riƙe mini 'ya ba," in ji Baba. "Magana ta ƙare."

Auta ta sha kuka har idonta ya kumbura, amma ba ta saduda ba. Washegari ta tare Dogo a inda 'yan babur ke jiran aiki.

"Ke ba ki san manhajar nan da ke turo mana aiki ta waya ba," ya ce. "In na ƙi oda sai ta rage mini maki, ta riƙa jefa ni unguwanni masu nisa. Ba mutum ba ce balle in ba ta haƙuri. Wallahi ko abinci nake ci gabana faɗuwa yake, shi ya sa har saƙon mutane nake rikitawa."

"Baba kuwa mutum ne. Na roƙe shi har ya yarda ka dawo. Sai ka zaɓa."

Ya dawo. Baba ya ja zance da gangan, wayar kuma ta soma ƙara. Auta na leƙe ta ga gumi na tsattsafo wa Dogo. Tausayinsa ya kama ta matuƙa. Dogo ya ɗauki wayar — ya kashe!

"Me za ta yi maka?" Baba ya tambaya.

"Za ta hore ni, Baba. Zan jure. Ina sauraronka."

Ta kuwa hore shi. Makonni yana yawon nesa cikin rana, Auta na ƙarfafa masa gwiwa, Baba na lura. Ranar da Dogo ya zo gaisuwa a rame, tsohon ya dube shi.

"Turo manyanka."

Auta ta saki kukan murna. Sana'a abin riƙewa ce, 'yan'uwa, amma wanda ya bar na'ura ta mallaki zuciyarsa ba shi da sauran abin da zai ba masoyi.