Ayarin Sama da Jar Duniya

"Ɓarawo kika kawo mana gida, Hajara! Ɓarawo!"

Yaya Lawan ya yi jifa da kwalin a tsakar gida, ƙananan jiragen roba suka watse har gindin famfo.

Hajara ta durƙusa tana tsincewa.

"Yaya, don Allah ka saurare ni..."

"In saurari me? Jirage a nawa, jirage a nasa! Taswirar taurari a nawa, taswira a nasa! Aminina Kabiru ya nuna min komai. Wa ya ba shi sirrin wasana in ba ke ba?"

Duk Tarauni an san Lawan da Ayarin Sama, wasan dabara da ake shimfiɗawa a kan tebur, wanda ya ƙirƙira shekara tara da suka wuce. Yaƙi ne a sararin samaniya: ka jefa ƙwaya irin ta lido, ka tura jiragenka, ka murƙushe kowa. Samari sun sha manta abincin rana a kansa. Sai bana Isyaku na Gyadi-Gyadi ya fito da nasa, Jar Duniya, majalisa ta koma can kamar an yi shela. Kuma Isyakun nan shi ne wanda iyayensa za su zo tambayar auren Hajara ranar Asabar.

Tun rasuwar Baba, Baffansu ba ya yanke komai a kanta sai da amincewar Lawan.

"A gaya musu kada su zo," in ji Lawan.

Kukan da Hajara take riƙewa ya ƙwace.

Inna ta fito daga ɗaki tana gyara ɗankwali. "Lawan, gani ya kori ji. Ka taɓa buga wasan yaron nan?"

Lawan ya girgiza kai.

"To kira shi gobe bayan la'asar ku buga. In sata ce, ai mai kaya ba ya ɓata kayansa."

Hajara na shiga ɗaki ta kira Isyaku.

"Hasken raina, me ya sami muryarki?"

Ta zayyane masa komai.

"Ni da Yaya a tebur ɗaya?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Hajjo, da wane idon zan ci yayanki wasa a cikin gidanku?"

"Ni dai ka zo... don Allah ka zo."

Washegari aka shimfiɗa Jar Duniya a falo. Kabiru, aminin Lawan, ya riga kowa zuwa, ya sha shadda har da turare, kai ka ce ɗaurin aure aka gayyace shi. Bara ya ce yana son Hajara ta ce a'a, tun daga nan gaisuwarta ma da ƙyar yake amsawa. Ita kuwa ta ajiye musu ruwa, ta koma bayan labule ta tsaya.

Isyaku ya gaida Lawan a durƙushe, ya fara bayani kansa a ƙasa.

"Yaya, a nan babu ƙwaya, kati ne. Kowa gari yake ginawa a duniyar da ba iska, sannan bututun iskar..."

"Na san wasa tun kana firamare. Ja mu tafi."

Aka fara.

Hajara ta san wasan ciki da waje, don da ita aka yi ta gwada shi. Shi ya sa ta gano abin da ke faruwa tun a zagaye na huɗu. Ga hanya a buɗe, Isyaku ya kau da kai. Ga wata, ya ajiye katin banza. Ta uku ma haka. Kunyar suruki yake yi, bawan Allah, yana ganin ladabi ne.

Kafin rabin awa Lawan ya ci.

Amma bai yi murmushi ba.

"Sau uku na bar maka ƙofa, sau uku ka wuce ta kamar makaho."

Kabiru kuwa, mai neman kuka an jefe shi da kashin awaki. Ya tafa hannu.

"Ka gani ko? Mutum bai iya wasan da ya ce shi ya yi ba! Kayan sata ai haka suke, ba sa zama a hannu."

Isyaku ya haɗa gumi. In ya ce da gangan ya bari, ya raina Yaya. In ya yi shiru, ya zama ɓarawo.

Lawan ya miƙe. "Tattara kayanka."

Hajara ba ta san lokacin da ta yaye labulen ba.

"Isyaku!"

Duk suka juyo.

"Kunyarka za ta raba mu! Wallahi in kana sona ka zauna ka cinye shi!"

"Ke! Hajara!" Inna ta ƙwala daga tsakar gida.

Kunya ta kama ta kamar ƙasa ta tsage, amma ba ta koma ba. Hawaye na zuba ta dubi yayanta.

"Yaya, sau ɗaya tak. In ka sake cinsa, na haƙura da shi har abada."

Isyaku ya ɗago a firgice. "Hajjo..."

"Na faɗa."

Lawan ya dube ta, sannan ya koma ya zauna.

"Raba katin."

Wannan karon Isyaku bai sunkuyar da kai ba. Ya ja garinsa baya, ya yi ta tara tankunan iska, ya bar jiragensa a fili. Lawan ya ga banza ta faɗi. Ya afka musu kamar yadda ya saba a Ayarin Sama, ya kakkaɓe su ɗaya bayan ɗaya, ya rusa hasumiyar da ke tsakanin garuruwan biyu.

"An gama!" Kabiru ya miƙe yana dariya.

Hajara ta danne bakinta da mayafi. Ta ga abin da ba su gani ba.

"Yaya," Isyaku ya ce a hankali, "ƙirga iskarka."

Lawan ya duba. Ya sake dubawa.

"Bututun garinka ta hasumiyar nan ya bi. A Ayarin Sama, wanda ya fi rusawa shi ne gwani. A nan, in ka rusa maƙwabcinka ka yanke numfashinka. Saura maka zagaye ɗaya, ni ina da biyar."



Lawan ya juya ga amininsa. "Kabiru, ka taɓa buga wasan nan?"

"Ai... ai kwalin kawai ya isa mutum ya..."

"Kwalin! A kan kwali ka so in kashe auren ƙanwata?"

Kabiru ya nemi takalminsa, ko sallama bai yi ba.

Lawan ya ɗauki jirgi ɗaya yana jujjuyawa.

"Wasan nan ba nawa ba ne. Ko kusa." Ya ajiye jirgin. "Ka san me ya sa na yi saurin yarda da maganar sata? Don ta fi min sauƙi a kan in ce wani ya yi wanda ya fi nawa."

"Yaya, a kan Ayarin Sama na koyi wasa. Har yau in muna son ihu da dariya, shi muke ɗaukowa."

"Bar lallashi, ba yaro ba ne ni." Ya share ido da bayan hannu, ya dubi ƙanwarsa. "Hajara, na kira ki maciya amana a gaban Inna. Ki yafe min."

Ta durƙusa a gabansa tana kuka. "Na yafe, Yaya... na yafe!"

Ya miƙa wa Isyaku hannu.

"Ka gaya wa su Baba, Asabar muna jiransu. Ni da kaina zan tare su a ƙofa."