Wace Ce Mai Hula A Hoton Wannes?

Hotunan sun fito! Yau ɗin nan Wannes, saurayin yayata, ya kawo su, ko jakar makaranta ban ajiye ba na tarar ana ta ihu a falo. Amma ku tsaya in faro muku daga farko, don saura ƙiris a fasa auren nan gaba ɗaya!

Ranar wata Lahadi ce. Mama tana kicin tana soya dankali, yayata Fien kuma tana gaban madubi sanye da rigar marigayiya kakarmu, shuɗiya mai ɗige-ɗigen fari, sai juyi take yi. Asabar mai zuwa za a ɗauki hotunan baikonta da Wannes a wajen Madam Rozemie, wadda duk masoyan da ke birninmu na Antwerp ke rububinta. Ita ba ruwanta da kyamarar zamani. Tsohuwar kyamara mai fim take aiki da ita, baƙi da fari, ta sa ka cikin kayan dauri, in ta gama da kai sai ka rantse tun zamanin kakanni aka ɗauke ka.

"Mama, zo ki gani! Kamar don ni aka ɗinka ta!"

Sai ga babbar yayarmu Griet ta shigo. Ita ma bara an yi mata baiko, saurayin ya janye, tun daga nan da ƙyar ake ganin haƙorinta. Ta kalli rigar sama da ƙasa, ta taɓe baki.

"Cire, ƙanwata. Kar ki ɓata ta a banza."

"Ban gane ba, Yaya."

Griet ta miƙa mata waya. "Jiya na bi ta gaban shagon Madam ɗin taki. Ga abin da ta kafe a taga."

Wayyo! Hoto ne baƙi da fari. Ga Wannes tsaye a kan matattakalar katakon nan mai tafiya da kanta, ta hanyar ƙarƙashin kogi, ya sha kwat, gashi ya kwanta luf. Hancinsa ne, kunnuwansa ne masu faɗi, har murmushin nan nasa na gefe guda. A jikin kafaɗarsa kuma wata kyakkyawa ce ta lafe, da ƙaramar hula mai gashin tsuntsu, da zobe a yatsa!

Fien ta zube a kan kujera. "Ya ce min bai taɓa baiko ba… ya ce ni ce ta farko!"

"Haka suke cewa duka," in ji Griet.

Mama ta fito da matsami a hannu, ta ga hoton, ta dafe ƙirji. "Ni dama shirun yaron nan bai kwanta min ba. Cire rigar uwata! Ba za a kai ta inda aka riga aka kai wata ba."

Ana cikin haka Wannes ya danna ƙararrawa, da kwalin cakuleti a hannu, bai san me ake ciki ba. Fien ta tura masa wayar har tana taɓa hancinsa.

"Wace ce wannan?"

Ya kalla, ya sake kalla, fuskarsa ta yi fari fat. "Wannan… fuskata ce. Amma Fien, na rantse miki ban taɓa ganin matar nan ba."

Griet ta ƙyalƙyale da dariya. "Ka rungumi mace ba ka taɓa ganin ta ba? Sannu, malam mai mantuwa!"

"Mama, ki saurare ni—"

"Ba ni na haife ka ba. Ɗauki cakuletinka ka ƙara gaba."

Aka kira Madam Rozemie, wayarta a kashe. Ta tafi Faransa aikin wani biki, sai Asabar za ta buɗe shago.

Kai, makon nan gidanmu ba daɗi! Fien ba ci ba sha. Kullum ta tashi daga aiki sai ta hau tiram, jirgin ƙasan cikin gari, ta je ta tsaya gaban tagar shagon, ta zuba wa matar ido, ta dawo tana huci.

"Wai me ya gani a jikinta? Dubi wuya kamar na zalɓe! Hula kamar an kifa kwanon miya! Ni bai taɓa kallona haka ba, Mama, dubi yadda yake kallon ta!" Sai kuma ta fashe da kuka. "Ta fi ni kyau, ko?"

Griet tana gefe tana ƙara zuga ta. "Mayar masa da zobensa ki huta. Ni da na mayar da nawa mutuwa na yi?"

Mama ma ta ce a mayar. Shi kuwa Wannes kullum da yamma yana tsallaken titi a ƙarƙashin lema, an hana shi shiga, bai yi zuciya ya tafi ba. Wata rana Fien ta buɗe taga ta ƙwala masa: "Je ka wajen mai wuyan zalɓe!" Ya gyara riƙon lemarsa kawai.

Har Fien ta zare zoben ta ajiye a tebur. Griet ta kawo hannu za ta ɗauka, wai ita za ta kai masa, sai Fien ta dafe shi.

"A'a, Yaya. Zuciyata kamar ta fashe, amma ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Zan jira Asabar. In na ji daga bakin wadda ta ɗauki hoton, da hannuna zan ba shi."

"Wauta ce ke damun ki!"

"Na ji. Zan jira."

Ranar Asabar muka ɗunguma gaba ɗaya. Griet ta ce kanta na ciwo, Mama ta ce a'a, ai ita Griet ce ta fara ganin hoton, dole ta je. Muka tarar da Wannes a ƙofar shago, idonsa duk ya faɗa. Fien ko kallon sa ba ta yi ba, ta banka ƙofa.

"Madam, matar da ke tare da shi a hoton tagar nan, wace ce?"

Madam Rozemie tana tsakiyar saka fim, ta ɗago a razane. Kafin ta buɗe baki, sai wata murya ta fito daga kujerar lungu:

"Ni ce, 'yata. Akwai magana?"

Muka juya. Wata tsohuwa tukuf, da sanda, da kofin kofi a hannu, a kanta kuma—hular! Hular nan mai gashin tsuntsu, ta koɗe amma ita ce!

"Kaka?" in ji Wannes. "Me kike yi a nan?"

Ashe Kaka Godelieve ce, kakarsa ta wajen uba. Ashe al'adar Madam ce, duk masu baikon da za ta ɗauka sai ta nemi wani tsohon hoto daga danginsu a ɓoye, ta tsayar da su a inda aka ɗauki tsohon hoton, tsayuwa iri ɗaya, ranar karɓa ta haɗa musu biyun a ba-zata. Wannan hoton ya yi mata kyau sosai, ta roƙi Kaka ta bar ta ta girmama shi ta sa a taga. Yau kuma Kaka ta zo ne ta ga ɗaukar hoton jikanta.

"Wancan Staf ne, mijina," in ji Kaka. "Ya rasu kafin a haifi wannan ja'irin. Na kulle hotunansa duka, ba na iya kallo. Don ku na ciro wannan." Ta harari Fien ta saman tabarau. "Jikana ya kira ni yana kuka, wai wata mai wuyan zalɓe za ta raba shi da amaryarsa. Ban san ni ce ba sai yanzu! Zo nan ki duba wuyan da kyau."

Fien ta rufe fuska da hannu biyu. "Wayyo, Kaka, ki yafe min!"

"Ke da ba ki da kunya, da ni kike kishi? Haƙoran bakina ma na aro ne!"

Kowa ya sa dariya, har Mama. Sai Madam Rozemie ta hangi Griet tana raɓewa bayan ƙofa.

"A'a! Ba ke ce kika shigo Asabar ɗin da ta wuce ba? Ai na gaya miki kakansa ne, har na ce ki riƙe min sirri."

Duk muka juya wajen Griet.

"Griet?" in ji Mama. "Kin sani?"

Yaya Griet ta durƙushe tana kuka. "Nan zan zo bara, Mama. A wannan rigar! Har na gwada ta. Sai na ga Fien tana juyi a cikinta ranar Lahadin nan, ni kuma ba wanda ya ƙara tambayata yaya nake… Ban san lokacin da na aikata ba."

Na zaci Fien za ta mare ta. Ta daɗe tana kallon ta, hawaye na zuba, sannan ta durƙusa ta kama hannunta.

"Kin kusa kashe ni, Yaya. Amma ni ma ban tambaye ki yaya kike ba. Tashi."

Mama ta juya wajen Wannes, murya ƙasa-ƙasa. "Ɗana, na kore ka a kan abin da ba ka yi ba."

"Ya wuce, Mama. Cakuletin dai na cinye."

Ashe Mama ta taho da rigar a jaka, wai ko da za a buƙata! A ranar aka yi hotunan, a kan matattakalar katakon, Kaka ta cire hularta ta ɗora wa Fien da hannunta. Fien ta ce fim na ƙarshe nata ne da Griet. Kuma kun san fim, ba a leƙa shi a gani, sai an wanke. Muka yi ta jira kamar mu yi hauka.

Yau ga su! Biyu a firam guda, Kaka da Staf a hagu, Fien da Wannes a dama, ba mai iya cewa wanne ne na jiya. Fien ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe haka kake kallona." Hotonsu na ita da Griet kuma, Griet ce ta ɗauke shi ta kai ɗakinta.

Don haka 'yan uwana, in kishi ya taso muku kar ku yanke hukunci da abin da aka nuna muku a waya, ko da ɗan uwanku ne ya nuna. Da Fien ba ta dafe zoben nan ta yi haƙuri har Asabar ba, da yanzu ta rabu da masoyinta saboda kakarsa!