Soson da Ke Gefen Hagu

A falon Umma abin ya fashe, da hantsi, lokacin da Yaya ta zura sabuwar rigarta ta tsaya gaban madubi. Ihun da ta yi, an ce har talabijin ɗin maƙwabta sai da ya canza tasha.

"Umma! Zo ki ga ikon Allah! Hagu ya fi dama tudu!"

Ikon Allah ne kam, amma da hannun Tela a ciki. Yadi iri ɗaya aka kai mata, na Yaya da na Auta, malamar makarantar da ƙanen Yaya, Mai Kemis, zai aura. Tun Auta tana ɗaliba Tela ke mata ɗinki, kuma kowace riga sai ta ɓoye ɗan soso a gefen hagu, domin nononta na hagu bai kai na dama ba, bambancin kuwa ba kaɗan ba ne. A wannan karon aiki ya yi wa Tela yawa, ta musanya ledoji. Da Yaya ta kira ta da masifa, bakin Tela ya riga hankalinta: "Wayyo, ta Auta ce!"

Kafin azahar maganar ta zagaye guruf ɗin dangi na waya, har da hoton soson.

"Au, yaudararmu za a yi?" in ji Umma, tana kaɗa rigar a fuskar ɗanta.

"Umma, na sani fa. Da bakinta ta faɗa min."

"Ka sani ka yi shiru? To ka ji: sai an yi mata tiyata, Yayarka ta duba da idonta, in ba haka ba babu aure!"

"Ta duba? Haba Umma, mota za mu saya?"

Abba yana bayan jarida. Ya juya shafi abinsa.

Abin takaicin, Auta ta riga ta ga likita tun kafin a fara zancen aure, har an sa mata ranar tiyata. Shekara da shekaru tana shiga aji da littattafai rungume a ƙirji, kafaɗa a sunkuye, ko hoto ba ta yarda a ɗauke ta sai daga bayan wani. Ta gaji, tana so ta miƙe. Yanzu ga shi an mai da burinta sharaɗi.

Da Mai Kemis ya same ta a ƙofar makaranta, idonta ya yi ja.

"Kansile aikin zan yi! Wallahi ba zan kwanta a yanka ni don Yayarka ta ba ni maki ba!"

"Sori, filis ki saurare ni—"

"Hoton sosona a guruf! Abin da ko ƙawata ba ta sani ba!"

"In kin fasa don su, su suka yi miki hukunci. In kin yi don su, haka nan. Ni da soso na gan ki, na ce ina so. Ke me kike so?"

Ta yi kuka har mai gadi ya kau da kai. Sannan ta share hawaye.

"Zan yi, don kaina. Amma ka gaya musu ni na ɗaga bikin sai na warke, kuma babu mai duba ni."

Aka yi aikin. Likita bai ɓoye mata komai ba: tabo zai zauna, kuma ba za su zama daidai kamar an auna da sikeli ba. Ta sha zafi, ta sha habaici. Mai Kemis kuwa kullum ya rufe shago sai ya biya ta gidansu, Umma na ta jero masa 'yan matan da ta ce ba su da "gyara". Bai ɗaga mata murya ba, bai kuma fasa ba.

Da Auta ta warke, ta zo gaishe su, hannu babu littafi, kai a miƙe. Har Yaya ta fara matsowa tana ƙanƙance ido.

"Yaya, a fuska ake gaisawa," in ji Auta a hankali.

Umma ta taso. "Kun ji ko? Mai ɓoye-ɓoye har ta samu baki!"

Nan jaridar ta sauka, karo na farko a tarihin gidan, in ji masu lura.

"Hajiya," in ji Abba, "haƙorinki na gaba, wanda kike cirewa ki sa a kofi, wa ya gaya min kafin aurenmu? Na taɓa turo yayata ta duba?"

Yaya ta kai hannu tana gyara gashin da ta saya. Umma ta rufe baki da mayafi, can ta ce, ƙasa-ƙasa, "Zauna mana, 'yata. A goge hoton nan."

Aka yi aure. Tela ma ta zo, tana ta sunkuyar da kai, amarya ta rungume ta.

To 'yan mata, ku ji da kyau. Likita yana iya gyara jiki, amma ɗaga kai aikin mai shi ne, kuma haƙurin da ba a zubar da mutunci a cikinsa ba, shi ke kawo riba. Ku kuma masu binciken rigar wasu, ku fara leƙa kofin da ke gefen gadonku.