Wanda Ya Shuka Doya a Filin Ƙwallo

Ƙarfe bakwai da kwata na safiyar Asabar, Insfekta Iorwuese bai gama rataye hularsa ba mata goma sha uku suka cika kantar caji ofis, kowacce da takalmin gudu a ƙasan zaninta. Wadda ke gaba ita ce Hajiya Batulu, shugabar ƙungiyar motsa jiki ta wata unguwa a kan hanyar Kwandere. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Yallaɓai, an sace mana turakun raga, an nome rabin filin. Doya aka shuka mana a ciki."

"Doya?"

"Doya dai da ka sani."

Filin nan shi kaɗai ya rage a unguwar. Garin Lafia ya cika ya batse, duk inda ka juya bulo ne, mai son miƙe ƙafa sai ya bi gefen titi yana kauce wa 'yan acaba. Wata takwas ke nan da kwamitin unguwa ya ba mata da tsofaffi filin kowace safiya, har da Asabar. Rabinsu masu hawan jini ne, sauran suga da ciwon gwiwa. Ranakun Alhamis da Juma'a an wuni ana ruwa, ba wanda ya leƙa. Yau suka zo suka tarar da wannan ɗanyen aiki.

"Wa kuke zargi?" in ji Insfekta.

"Terkimbi. Gonarsa ce manne da filin, ga garmarsa nan mun tsinta a wurin. Samari sun ce in la'asar ta yi bai fito da turakun ba, za su sare masa gonar tas, ya tattara ya bar unguwar." Ta dubi sunan da ke ƙirjinsa, ta taɓe baki. "Kodayake na ga ɗan'uwanka ne."

Maganar ta soke shi, don ƙabilarsu ɗaya da Terkimbi. Shekara goma sha tara yana aikin nan, amma da zarar abu ya tashi, sunansa ake fara karantawa kafin aikinsa.

"Hajiya, uwa ɗaya ta haife ni, kuma ba ita ta haifi Terkimbi ba. Saje Rahmat, ki aika a ɗauko shi kafin wani ya fasa masa kai. Mu je filin."

Tsibin ƙasa arba'in da uku suka ƙirga, duk a ɓangaren da mata ke atisaye. Insfekta ɗan manomin doya ne, da garma ya yi wayo. Kallo ɗaya ya yi musu ya ja tsaki. Gajeru ne, wasu sun karkace, wasu ruwa ya riga ya zubar. Ya cusa hannu cikin ɗaya, ya zaro doya sukutum, sabuwa, har da jan fentin da 'yan kasuwa ke ɗiga wa kayansu.

"Rahmat, wane wata muke ciki?"

"Agusta, Oga."

"Ana cin sabuwar doya, wani mahaukaci yana binne ta. Kuma kanta a ƙasa."

Ya ƙarasa inda turakun suke. Ya zaci zai ga guntun ƙarfe da aka yanke da zarto, kamar yadda masu kai wa 'yan gwangwan ke yi. Babu. Bututu huɗu ne binne cikin siminti, waɗanda ake zura turakun a ciki a ɗaure da noti. An kwance notunan lafiya lau. Kuma bakin kowane bututu an toshe shi da tsumma, an kifa masa gwangwanin madara don kada ruwa da yashi su shiga.

Insfekta ya daɗe a tsugune yana kallon gwangwanin.

A ofis suka tarar da Terkimbi a kan benci, rigarsa a yage. Dattijo ne mai furfura, hannayensa kamar ɓawon itace.

"Baba, garmar nan taka ce?"

"Oga, ba nawa ba ne. Ban san shi ba."

"Ina kake Alhamis da Juma'a?"

"Na tafi Assakio, wurin ɗan'uwa na."

Insfekta ya buga teburi. "An ƙona harafin sunanka a jikin ƙotar, kana gaya mini ba taka ba ce? Ƙarya za ta kai ka kurkuku, kuma gonarka ta tafi a banza. Ka gaya mini gaskiya."

Terkimbi ya sunkuyar da kai. "Nawa ne. A bukkar gona yake kwana, bukkar ba ƙofa. Ina gida, zazzaɓi ya kama ni. Na ji tsoro ne, Oga. In na ce nawa ne, za su ce ni ne."

Insfekta ya ajiye doyar nan a gabansa. "A cikin tsibi na same ta, kanta a ƙasa."

Dattijon ya manta da tsoro. Ya ɗaga doyar, ya juya ta, ransa ya ɓaci fiye da na ɗazu. "Wannan na ci ne, ba iri ba. Wa ya yi wannan wulaƙanci? Ko jikana ba zai yi haka ba. Oga, matata Erdoo tana cikin masu gudun nan. Tun da ta fara, ƙafarta ya daina kumbura. Ni zan ɓata wurin?"

"Tsibi nawa ne a gonarka?"

"Dubu ɗaya da ɗari biyu. Saura sati uku in fara haƙa. Shi ne abincinmu na shekara."

Da suka fito, Insfekta ya tambayi Hajiya Batulu wanda ya kafa turakun tun farko.

"Koci Salmanu mana. Shi ke horar da samari. Bawan Allah, yau har kuka ya yi da ya ga filin."

A ƙofar gidansa suka same shi da azahar, sanye da rigar wasanni, usur a wuya, safar hannu ta masu tsaron gida a hannayensa biyu.

"Koci, ina kake Alhamis da Juma'a?"

"Garin Obi, Yallaɓai. Na je alƙalancin wasa, sai jiya da magariba na dawo."

"Ka ji daɗin raba filin da aka yi?"

"Ni? Ai ni na fara goyon baya. Lafiyar iyayenmu mata ce." Ya girgiza kai. "Mutumin nan ya daɗe yana haɗiye yawu a kan filin. Ka san su da ƙasa."

"Su wa?"

Salmanu ya yi tari, ya ce ba haka yake nufi ba.

"Wasa za ka je ne da safar hannu a wannan rana?"

"Sababbi ne, ina sa su ne su yi laushi."

A mota Insfekta ya ce wa Rahmat ta nemo lambar masu shirya wasa a Obi. Sai da ta kira mutum huɗu kafin ta dace, lokacin har an fara kiran sallar la'asar. An ɗage wasan tun ranar Laraba saboda filinsu ya cika da ruwa. Ba wanda ya ga Salmanu a Obi.

Kafin ta kashe wayar wani kiran ya shigo. Samari sun shiga gonar.

Suka ɗauko Terkimbi suka nufi can. Samari kusan talatin ne, da adduna, suna sarar ganyen doya suna tumɓuke sanduna suna tattake tsibi. Mata na gefe suna kallo, ba mai cewa a bari. Salmanu na tsaye a bakin iyaka, hannu a bayansa, kamar mai duba atisaye.

Insfekta ya fizge usur ɗin daga wuyansa ya busa da ƙarfi. Nan take addunan suka tsaya, domin yaran sun saba da wannan ƙara.

"Duk wanda ya ƙara ɗaga adda, a sel zai kwana. Ku matso nan, dukanku."

Ya kai su bakin bututun, ya ɗaga gwangwanin madarar sama.

"Hajiya, ɓarawon da zai sayar da ƙarfe, zai tsaya toshe rami don kada yashi ya shiga? Manomin da ke son cinye fili, ina ruwansa da bututu ya yi tsatsa? Wanda ya yi wannan yana da niyyar mayar da turakun wata rana." Ya juya ga samarin. "In za a cire turaku a yi musu fenti, wa ke sa ku toshe ramin haka?"

Sai idanun samarin suka fara komawa kan Salmanu.

"Koci, an ɗage wasan Obi tun Laraba. Cire safar."

"Yallaɓai, wannan cin mutunci ne."

"Cire, ko Saje ta cire maka."

Ya cire. Tafin hannayensa duk bororo ne, wasu sun fashe sun yi ja. Garmar doya ba ta raga wa wanda bai saba da ita ba.

Salmanu bai durƙusa ba, bai nemi gafara ba. Murya ya ɗaga.

"Ni ne. To, ni ne. Shekara ashirin da ɗaya da suka wuce nan juji ne. Ni na kwashe shara, ni na cire kututture, ni na dasa ciyawa. Yara uku na fitar daga nan suna buga wa manyan kulob. Rana ɗaya kwamiti ya zauna, ko kirana ba a yi ba, aka ba tsofaffi safiyata su riƙa tafiyar agwagwa. Yarana sai tsakar rana, su ƙone. Na ce in rigimar gona ta tashi mata za su gudu, bayan wata biyu in baje ƙasar in mayar da turakuna. Suna bayan gidana cikin tamfol, ko ƙwarzane babu."

"Ka kula da ƙarfe kada ya ƙwarzanu," in ji Insfekta, "amma ka ɗauki garmar dattijo ka jefar a nan, ka tsaya kana kallo ana sare abincin gidansa."

"Ban ce su sare ba."

"Usur na wuyanka a lokacin. Busa ɗaya ta isa."

Rahmat ta danna masa ankwa. Samarin suka fara zubar da addunansu ɗaya bayan ɗaya, ba mai iya ɗaga ido.

Terkimbi bai tsaya jin ƙarshen maganar ba. Yana cikin gonar yana bin layi yana ƙirgawa, Erdoo na bayansa da takalmin gudunta. Tsibi ɗari huɗu da sittin aka lalata. Hajiya Batulu ta bi shi, mayafinta na jan laka.

"Baba Terkimbi, don Allah ka yafe mana. Wallahi ba mu sani ba."

Ya miƙe da guntun doyar da adda ta raba biyu a hannunsa.

"Hajiya, shekara ashirin da biyu muna gaisawa. Ba wanda ya zo ya tambaye ni, ko mutum ɗaya." Ya dubi matarsa. "Erdoo za ta zo gudu ran Litinin, likita ne ya ce. Amma ni, kada kowa ya sake kira na Baba."

Aka bi da Salmanu ta gefen gonar zuwa mota. Ya kawar da kai. Insfekta ya kama ƙeyarsa ya juyo da fuskarsa wajen gonar, bai sake shi ba sai da suka wuce layi na ƙarshe.