Tsingaron Ƙarƙashin Benci

Akwai wata yarinya a unguwar Kabara, gwanar wasan 'yar gala-gala. Babanta, Malam Mailafiya, baduku ne a Kasuwar Kurmi. A rumfarsa akwai wani gurgun benci, ƙafa ɗaya ba ta kai ƙasa. Da tsingaro ake tokare ta.

Ran nan yarinyar ta kai masa abinci, yana can wajen alwala. Ta hango tsingaron nan sumul, da ɗigon jan rini a kansa. Ya dace da gala-gala. Ta zare, ta sa a aljihu.

Bayan la'asar Baba ya taka bencin zai rataye jaka. Benci ya goce. Tsayinsa bai wuce gwiwa ba, amma Baba ya faɗi a kan hannun dama. A asibiti aka ce karaya ce, wata biyu ba ɗinki.

To, wa ya zare tsingaro? Kowa ya kalli Ilu, maƙwabcin rumfa, taubashin Baba. Ai shi ya taɓa ɓoye masa takalmi a cikin tulu. Ilu ya rantse, ba wanda ya yarda, don shi ko rantsuwa yake sai ka ga kamar zai yi dariya. Baba ya ce kada ya sake taka masa zaure.

Yarinya ta daina wasa. Ko tuwo ba ta cinyewa. Innarta, 'Yardada, ta fara bin ta da ido. Ran wanki ta ji abu a aljihun rigar yarinya, ta ciro tsingaron, ta tambaye ta.

"Wannan jan rinin, a makaranta kuke yin sa?"

Sai hawaye ya zubo wa yarinya. Ta je gaban Baba ta durƙusa.

"Baba, ni ce. Ba Baba Ilu ba ne. Na ɗauka bencin ba shi da tsayi."

Baba ya daɗe yana kallon tsingaron. Ya ce ya yafe, shi ma da laifinsa, shekara uku yana hawa gurgun benci. Ya aike ta ta kira Ilu, ta ba shi haƙuri.

Ilu ya zo da kafinta da guduma. Ya ce, "Mailafiya, da ni ne, ai bencin gaba ɗaya zan ɗauke."

Baba ya yi dariya har hannu ya motsa, ya ce wash.

Aka gyara benci, aka bar wa yarinya tsingaronta. Ta koyi cewa ko daga kan benci mutum yana karyewa. Ba ta ƙara ɗaukar abu a wurin aiki ba tare da tambaya ba. In ta yi laifi kuma, takan faɗa kafin a zargi wani.