Lamba Ɗaya Bayan Ɗigo

A wani ɗakin karatu na birnin Daegu ne wani saurayi, Tak Wonho, ya fara ganin Pyo Nari. Ɗaki ne da ba a magana a cikinsa, kowa ya duƙufa yana shirin jarrabawar shiga aikin wani babban kamfanin gwamnati. Wonho ya sha zama jarrabawar nan yana faɗuwa, har ƙannen abokansa sun zo sun wuce shi.

Ranar ya fito shan iska da takardar tambayoyi a hannu, yana ta tsaki. Yarinyar da ke zaune gefensa a benci, Nari ke nan, ta leƙa, ta kasa haƙuri.

"Ka yi haƙuri da katsalandan," ta ce. "Ka raba goma gida uku, sai ka yanke ta a 3.3 tun a tsakiya. Shi ya sa da ka ninka da tara ka samu 29.7, alhali talatin ne. Ba a ɗaga lamba ko a zubar da ita sai an kai ƙarshe."

"Lokaci ne ba ya isata."

"To ga shi ka yi sauri ka isa inda ba a aike ka ba."

Ya ɗago ya dube ta, sai dariya ta kuɓuce masa, abin da ya daɗe bai yi ba.

Daga nan suka zama kullum tare. Taliyar cikin kofi suke ci a kantin da ke ƙasan ginin, ita tana kiransa Sarkin Gaggawa, shi yana ce mata Malama. Wata safiya saƙonsa ya shigo wayarta: "Malama, yau na yi tambaya ashirin ban yanke ko ɗaya a tsakiya ba. Amma ke na kasa jira in kai ƙarshe kafin in faɗa miki. Ina sonki."

Ta amsa: "Yaya Wonho, wannan gaggawar na yafe maka ita."

Mahaifinta, tsohon shugaban makaranta, bai yafe ba. Da ta kai Wonho gida, ko lemon da ya kawo Baba Pyo bai kalla ba.

"Me kake yi yanzu?"

"Karatun jarrabawa, Baba."

"Da shekara talatin da uku? Mahaifiyarka fa?"

"Kifi take busarwa a Guryongpo."

Tsohon ya miƙe. "Ka samu aiki tukuna, sannan ka kira ni Baba." Tun daga ranar ya fara yi wa Nari zancen wani likitan haƙori mai suna Ham, ɗan amininsa, mai gida da mota.

Da kaka aka yi jarrabawar. Nari ta ci, da kyar, a kan iyaka. Wonho ya faɗi da tambaya ɗaya tak. An ce a ba da amsa zuwa lamba ɗaya bayan ɗigo. Ya ga agogo na gudu, hannunsa ya koma tsohon halinsa, ya zaɓi 12.4, amsar kuwa 12.5 ce.

Ba shi kaɗai tambayar ta kayar ba. Waɗanda suka faɗi suka haɗa kai za su kai ƙorafi, wai tambayar ba ta bayyana a wane mataki za a yanke lambar ba, don haka a soke ta. Idan aka soke, Wonho zai iya haurawa. Nari kuma, da wannan tambayar ta tsallake, tana iya zamewa ƙasa.

"Ki sa hannu," ya ce mata. "Idan wadda ta ci ta goyi bayanmu, za a saurare mu."

Ta daɗe tana kallon takalminta. "Yaya, tambayar ba ta da laifi. Kai ma ka sani."

"Au, haka ne? Kujerarki kike karewa. Ki gaida likita."

Ta tafi tana kuka, bai bi ta ba. Aka yi watsi da ƙorafin. Wonho ya sayar da littattafansa, ya koma Guryongpo wurin mahaifiyarsa. Saƙonninta suna shigowa, yana karantawa, ba ya amsawa. Na ƙarshe cewa ta yi: "Baba ya sa na ci abinci da Ham. Mutumin kirki ne. Ban ji ɗanɗanon komai ba. Kana cin abinci kuwa?"

Ya rubuta amsa ya goge. Me zai ce mata? Hannuwansa sun tsattsage da gishiri da sanyi, duk jikinsa ƙarnin kifi, kuma ya riga ya san ba zai ƙara shiga ɗakin jarrabawa ba.

Tsakiyar hunturu yana rataye kifi a bakin teku, sai ya ji mahaifiyarsa tana cewa, "Kai, ga wata can ta tsaya da takalmin ofis, iska za ta kwashe ta."

Nari ce. Suka tsaya cirko-cirko tsakanin layukan kifi.

"Ke ce da gaskiya," ya ce. "Tun ban fito daga ɗakin jarrabawar ba na san na yi kuskure. Neman wanda zan ɗora wa nake."

"Ni ma ba gaskiyar kaɗai ta hana ni ba," ta ce. "Tsoro na ji. Na gaji da karatun nan, Yaya. Da an ƙwace mini, ban san yadda zan yi ba."

"To kin samu. Ki koma. Ba ni da abin da zan ba ki, kuma ba na jin zan samu."

"Na sani. Na nemi a mayar da ni reshen Pohang, nan kusa da ku, an amince. Babu ƙarin girma a can, an gaya mini."

"Kin haukace?"

"Wataƙila. Sanyi nake ji, ba za ka ce in shiga ciki ba?"

Baba Pyo ya daina yi mata magana har bazara. Ranar auren, a wani ƙaramin zaure kusa da tasha, kujerun dangin amarya rabi babu kowa. Ana shirin farawa sai ga Baba Pyo ya shigo da tsohuwar kwat ɗinsa, ya zauna bai gaida kowa ba.

Da ango da amarya suka durƙusa gaban iyaye, mahaifiyar Wonho ta watsa musu magarya a zanen da suka riƙe, kamar yadda al'adar can take, tana hawaye tana yi musu fatan 'ya'ya. Baba Pyo ya daɗe yana kallon hannuwan Wonho.

"Ban ce na ji daɗi ba," ya ce. "Wahala za ku sha, kuma ba ƙarama ba."

"Haka ne, Baba."

Tsohon bai hana shi kiran ba. Ya kamo hannun 'yarsa ya sa a cikin tsattsagaggen hannun nan, ya danne su da nasa.

"Ku zauna lafiya. Idan abin ya yi muku nauyi, ku zo gida ku ci abinci."